Nisan Legas zuwa Jidda a jirgin sama, da dalilin da ya sa kujerar Kudu ta fi tsada

Daga filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda kimanin kilomita 4,200 ne, in an ja layi miƙaƙƙe a sama. Daga Kano kuwa kimanin 3,400 ne. Daga filin Yakubu Gowon da ke Heipang, nan gaban Bukuru, wajen 3,500. Wato mutumin Agege ko na Sabon Ibadan ya fi na Kano nisa da Jidda da kusan kilomita 800. Wanda aka sauke a Madina ma sai ya ƙara 150 da wani abu.

Jirgin fasinja kan ci kilomita 850 ko makamancin haka a awa guda. Saboda haka tafiyar Kano ba ta kai awa biyar ba, ta Legas kuma biyar da rabi zuwa shida. Tirelar shanu da ta tashi daga Karan Bukuru sai ta kwana a hanya kafin ta ga Legas, alhali tafiyarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba. A lura, agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, kuma lokacin sauka da ke kan tikiti nasu ne. Kada wannan ya rikita masu jiran waya a gida.

Amma fa lissafin taswira daban, hanyar jirgi daban. Layin nan ya ratsa Chadi da Sudan ne kafin ya tsallaka Bahar Maliya, kusan inda kakanninmu suka bi a ƙafa, wasu shekara da shekaru. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jirage suka riƙa kewayawa. Tafiya ta ƙaru, shan mai ya ƙaru, har kamfanonin jigilar alhazai suka nemi ƙarin kuɗi a shekarar.

Nisan nan yana shiga aljihu. A Hajjin 2025 hukumar NAHCON ta yanka wa jihohin Kudu kimanin Naira miliyan 8.78, jihohin Arewa, har da Filato, miliyan 8.46, shiyyar Barno da Adamawa kuma miliyan 8.33. Tsakanin Kudu da Arewa ya haura dubu 300. To amma kafin mutum ya ce zai koma gida ya yi rajista, ya lissafa kuɗin motar zuwa bita da allura, da kwanakin da zai rufe rumfa. A ganina sau da yawa rarar a hanya take ƙarewa.

Masu Umara da ke neman tikiti mai sauƙi su sani, biyowa ta Alƙahira ko Adis Ababa na mai da tafiyar Legas sama da kilomita 5,000, ban da zaman jiran canjin jirgi. Ga dattijo ko mai ciwon ƙafa, gara a ƙara kuɗi a hau wanda ba ya tsayawa. Makka kuma ba ta da filin jirgi, daga Jidda akwai sauran tafiyar ƙasa ta awa ɗaya da 'yan kai.