Yadda Ake Gane Tunjere A Jikin Jarirai Da Ƙananan Yara

Tunjere cuta ce da ƙwayar bakteriya mai suna Treponema pallidum ke haddasawa. Manya na kamuwa da ita ta hanyar saduwa, amma mai juna biyu kan sa wa ɗan da ke cikinta ta mabiyiya, abin da kan jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko a haifi ɗan ba rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa irin wannan kamuwa ta kai 700,000 a duniya a shekarar 2022.

Wahalar gane cutar ita ce yawancin jariran ana haihuwarsu garau. Sai bayan makonni alamun ke bayyana: majina mai yawa da ba ta tsayawa, wani lokaci haɗe da jini, ƙuraje da saɓar fata a tafin hannu da na ƙafa, kumburin hanta da saifa, shawara da ƙarancin jini. Wani jaririn kan daina motsa hannu ko ƙafa, ya tsala kuka in an taɓa, saboda ciwon ƙashi. Sau da yawa ana ɗaukar majinar a matsayin mura, a yi ta magani a gida har lokaci ya ƙure.

Idan yaro ya wuce shekara 2 ba a yi masa magani ba, karan hancinsa kan lotsa, ƙwaurinsa ya lanƙwashe, haƙoran gaba na dindindin su fito da tsaga a bakinsu. Ido kan yi hazo, kunne ya kurumce.

Bincike na farawa ne daga jinin uwa. Ana yi wa uwa da jariri gwajin RPR ko VDRL a kwatanta, domin garkuwar jikin uwa na ratsawa zuwa ga ɗanta, don haka sakamakon jariri shi kaɗai ba hujja ba ne. Idan ma'aunin nasa ya ninka na uwar sau 4, zargin ya yi ƙarfi. Likita kan ƙara da hoton ƙashi da gwajin ruwan laka.

Maganin jariri allurar fenisilin ce ta kwana 10 zuwa 15. Uwar da aka gano cutar a wurin awon ciki, aka yi mata allurar aƙalla kwana 30 kafin haihuwa, galibi ɗanta kan tsira. Dole a yi wa mijinta magani shi ma, in ba haka ba za ta sake kamuwa.