Dangin Inna Na Gabas

Tambaya ɗaya zan yi maku: wace ce a cikinku za ta iya faɗin sunan kakar mahaifiyarta? Ni dai a ɓangaren Baba ina iya lissafa maza bakwai ba tare da na numfasa ba. A ɓangaren Inna kuwa, daga kakata sai duhu.

Da ciwon ajali ya kwantar da Inna, sai ta miƙo mani wata tsohuwar munduwar azurfa guda ɗaya, ta ce, "'Yar uwarta tana gabas, muna da dangi can." Kunya ta hana ni yi mata tambaya, har Allah Ya karɓi abinSa. Bayan sadakar arba'in na ɗauki munduwar na nufi Wurno, garin su Inna.

Wurno ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa ta a matsayin ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, kuma hubbarensa yana nan ana ziyarta. Dattijai sun karɓe ni hannu biyu, suka yi ta jero mani wane ɗan wane. Da na ce ta wajen mata nake nema, sai wani ya yi dariya ya ce, "Ai sai ki tambayi mata." Wallahi abin ya sosa mani rai, amma gaskiya ya faɗa. Turawan Sikotlan tun 1855 gwamnatinsu ke rubuta haihuwa, aure da mutuwa, har da sunan uwa. Mu rajistarmu tana bakin tsofaffi, ga kuma alkunya: ba a faɗin sunan miji, ba a faɗin na ɗan fari, sai laƙabi ya cinye sunan yanka.

Aka tura ni Rabah, mahaifar Sardauna, inda aka aurar da wata ƙanwar kakata. Na tarar ta daɗe da komawa wurin ɗanta a Goronyo, mai noman albasa a ƙasan dam. Can na same ta, ta haura casa'in, idanu sun tafi. Tana shafa munduwar sai ta fashe da kuka.

"Ɗiyar nan, ina kinka samo ta? Ta innarmu ce."

Na ce, "Iya, ina ɗayar?"

Ga abin da ta ba ni. Shekarar da Nasara suka ci Sakkwato, wato Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a suka bi shi, maza da mata. Mahaifiyar Iya tana yarinya, tana kwance da ƙyanda. Uwarta ta zare munduwa ɗaya ta sa mata, ta bar ta wurin kaka, ta ja babbar ɗiyar suka bi ayari. "Ta ce in ta warke a biyo su da ita. Ba wanda ya dawo."

Sauran labarin a littafi na karanta. An kashe Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira har Sudan, suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sennar, garin ma sunansa ya ci, Mai Wurno. Jikokinsu suna can, mutanen ƙasar na kiransu Fallata.

Na kwana ina juyi. Uwa ta bar ɗiyarta cikin zazzaɓi! Da farko na ji haushinta. Da asuba na dubi tawa ɗiyar tana barci, na tuna matar nan ta san hanya za ta kashe yarinyar ne, shi ya sa ta bar ta. Mu duka daga wannan barin muka fito.

Kafin na taho na roƙi Iya sunan matar. Ta rufe baki da gefen zane, don sunan ɗiyarta ta fari ne. Sai da jikarta ta raɗa mani a kunne, na rubuta a bayan littafin addu'o'in Inna.