Mota Mai Ɗaki, Zangon Kano da Dutsen Gangirwal

Maudu'in wannan mako tarihi ne: tarihin wata hanya da ta mutu, da wani dutse da yawancinmu ba mu ma san namu ba ne.

Mu mutanen Balan da kewayen Gaya da Ajingi 'yan fili ne. Idan aka ce dutse, Dala da Goron Dutse ne ke faɗo mana a rai, sai kuwa duwatsun Birnin Kudu. Tarihin baka dai ya ce maƙeran Gaya, wato Abagayawa, su ne suka bi tama har gindin Dala, saboda haka bin dutse ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Sai dai birnin Kano bai kai mita 500 sama da teku ba, alhali dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, ya kai mita 2,419. Yana jihar Taraba, a kan iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Ku gwada tambayar mutum goma a kasuwar Gaya sunansa ku ji.

Bari mu fara da motar. Abin da muke kira mota mai ɗaki ita ce wadda aka yi wa gado da murhu da tankin ruwa a ciki, inda dare ya yi wa mai ita nan ne masaukinsa. Yau sai a bidiyon Turawa muke ganinta, amma akwai lokacin da Kano take babban zangon irin waɗannan matafiya. Tun a ƙarshen 1922 motocin kamfanin Citroën suka taso daga Aljeriya suka keta Sahara, suka shiga Tambutu a farkon 1923. A Disambar 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a kan babur mai akwati a gefe, suna jan tirelar kaya, suka biyo ta Tamanrasset da Agadas da Kano, ba su isa Kef Tawun ba sai a Yulin 1935.

Kasuwar hanyar ta ci sosai a shekarun 1970 da 1980. Matasan Turai kan sayi Volkswagen Kombi ko Land Rover, ko su haɗa kuɗi su hau tsohuwar babbar motar Bedford da aka jera wa kujeru da tantuna, su ƙetaro teku zuwa Aljeriya. Daga Tamanrasset sai In Gezzam, sai Assamaka a iyakar Nijar, sai Arlit, Agadas, Damagaram, Kano. A nan suke sauka a sansanin 'yan yawon buɗe ido da ke wajen Bompai, su wanke ƙura, su kai mota wurin bakanike, su canja kuɗi, su leƙa marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi. Daga nan mafi yawansu gabas suke yi, ta Maiduguri su faɗa Kamaru, su nufi Bangi da Zayar da Kenya. Mai son ganin namun daji ya ratse Yankari, wadda aka buɗe wa jama'a tun 1962, ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Kaɗan ne ƙwarai ke karkata kudu maso gabas zuwa Gashaka.

Duk wanda ya san tarihin fatauci zai ga cewa Turawan nan sawun ayari suka bi. Hanyar Agadas zuwa Kano hanyar raƙuma ce tun kafin a ƙera injin. Ita ma hanyar Adamawa fatakenmu sun san ta tun ƙarni na 19, suna kai tufafi da kayan sau, suna komowa da hauren giwa da goro daga Banyo da Tibati da Ngaundare. Madugu da jagaba da jakuna da zango, ai wannan shi ne gida mai tafiya na asali. Bambancin kawai shi ne Bature ya koma gida ya rubuta littafi, madugu kuwa labarinsa ya ƙare a zaure.

To, yaya aka yi dutsen ya zama namu? Nan ne tarihin ya fi daɗi. A ƙarni na 19 Gashaka tana cikin ƙasashen da Fulanin Adamawa suka kafa mulki a kansu. Da Turawa suka raba ƙasa, sai yankin ya faɗa rabon Jamus, cikin Kamaru, kuma har yau akwai kufan ganuwar sojan Jamus a kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Ingila da Faransa suka ƙwace Kamaru, aka gama a 1916, Ingila ta karɓi wani siririn yanki a gefen Nijeriya a matsayin amana. Arewacin wannan yanki ana tafiyar da shi ne tare da lardunan Arewa, amma a doka ba Nijeriya ba ne.

Da 'yanci ya matso, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a tambayi mutanen. A Nuwambar 1959 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mafi yawa suka ce a ɗage maganar zuwa gaba, abin da ya girgiza gwamnatin Sardauna a Kaduna, domin ta ɗauka an gama. Aka sake a Fabrairun 1961, wannan karon zaɓi biyu ne kawai, Nijeriya ko Kamaru. Kusan kashi 60 cikin ɗari suka zaɓi Nijeriya. Wani abin lura: a wannan ƙuri'a mata sun jefa tasu, a lokacin da matan Kano da Katsina da Sakkwato ba su da wannan dama. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo Nijeriya da sunan Lardin Sardauna. Shugaba Ahmadu Ahidjo ya mai da ranar ta makoki a Kamaru, ya kai ƙara Kotun Duniya, kotun ta ƙi yanke hukunci a kan maganar a 1963. Da ƙuri'ar ta juya, da yau sai da fasfo za mu ga tsaunin Mambila, kuma da littafin firamare ya koya mana wani dutsen daban a matsayin mafi tsawo. Ga wanda ke neman jigon ƙagaggen labari, ga shi nan a kwance: tsohuwa a Gembu ko Serti da aka miƙa wa takardar ƙuri'a karo na farko a rayuwarta, aka ce ta zaɓi ƙasa.

A farkon shekarun 1970 gwamnatin jihar Arewa maso Gabas ta keɓe dazuzzukan Gashaka da Gumti don namun daji. A 1991 gwamnatin tarayya ta haɗe su suka zama gandun daji na ƙasa, mafi girma a Nijeriya, sama da murabba'in kilomita 6,000 a Taraba da Adamawa, hedkwatarsa a Serti. Ku dubi shekarar da kyau. A 1990 tawayen Buzaye ya ɓarke a arewacin Nijar. A Janairun 1992 soja suka soke zaɓe a Aljeriya, ƙasar ta faɗa yaƙin basasa. Hanyar Tamanrasset zuwa Agadas ta zama ta kasada, masu mota mai ɗaki suka koma bin gaɓar teku ta Maroko da Muritaniya. Wato an raɗa wa gandun suna ne daidai lokacin da baƙin da za su kai labarinsa duniya suka daina zuwa Kano. A ganinmu wannan na cikin manyan dalilan da suka sa Yankari ta yi suna, Gashaka kuwa ta zauna a ɓoye, duk da cewa tana da abin da Yankari ba ta da shi: kurmi mai duhu da birin chimfanzi na irin da ba a samu sai a Nijeriya da Kamaru. Masu binciken birai sun kafa sansani a Kwano tun wajen 2000, kuma abin da suka rubuta da Turanci yake.

Ɗaya dalilin kuwa ƙasar ce da kanta. Wanda ya taso daga Kano da irin wannan mota zai bi ta Gombe da Numan da Jalingo, sannan Bali, sannan Serti. Bayan Mayo Selbe hanya ta fara hawa tana lanƙwasa kamar maciji har Maisamari da Nguroje da Gembu, a kan tsaunin da tsawonsa ke kaiwa wajen mita 1,600, inda ake noman ganyen shayi a Kakara, inda kuma Bakano zai nemi bargo a watan da ake kwana a waje a gida. Mota mai nauyin gado da tanki ba ta son irin wannan hawa: iska ta yi ƙaranci injin ya rage ƙarfi, a gangara kuma birki ya yi zafi. Cikin gandun kansa hanyoyin ƙasa ne, da damina koguna kan raba su, shi ya sa rani ne lokacin zuwa. Ƙololuwar Gangirwal kuwa babu motar da ke kaiwa. Sai a ajiye ta, a nemi jagora, a taka da ƙafa, a ratsa rugagen Fulanin da aka bar su da shanunsu a kan tuddai tun da aka shata gandun.

Labarin tafiya ba baƙo ba ne a adabinmu. Dorugu ya ba da labarin zuwansa Ingila tun ƙarni na 19. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan zuwansa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano ya yi Motsi Ya Fi Zama. Dukansu ƙetare suka dosa. Daga Gaya zuwa Serti kuwa ba a bukatar biza ko mota mai ɗaki, motar haya da babur sun isa. Idan a cikin wannan zaure akwai ɗan Gembu, ko wanda ya yi hidimar ƙasa a Serti, ko wanda kakarsa ta jefa ƙuri'ar 1961, filin mako mai zuwa nasa ne.