Yadda jifan maki uku ya cinye ƙwallon kwando

1/ Masu tambayata dalilin da ya sa na daina kallon NBA, ku matso. Wasan da na taso ina kallo da wanda kuke kallo yau, suna kawai suka haɗa.

2/ Layin maki uku bai shigo NBA ba sai 1979. A kakar farko, ƙungiya ba ta kai jifa uku daga bayan layin a wasa guda. Yanzu ta haura 35.

3/ Da can, dogo ne sarki. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ɗauko wa Houston Rockets kofi a 1994 da 1995. A miƙa masa ƙwallo kusa da kwando, ya juya wa mai tsaronsa baya, ya yi kamar zai bi dama, ya murɗe hagu. Bawan Allah na sama yana tsaron iska, ƙwallo ta shige. A 1995 Orlando ta su Shaquille O'Neal ko wasa ɗaya ba ta ci ba, 4-0.

4/ Amma fa daga baya wasan ya koma kokawa. A 2004 Detroit ta fitar da Indiana da ci 69-65. Wasa cikakke, ba rabi ba! A shekarar NBA ta tsaurara doka: mai tsaro ba zai ƙara dafa mai ƙwallo da hannu a nesa da kwando ba. Masu gudu suka samu fili, Steve Nash ya zama gwarzon kaka a 2005 da 2006.

5/ Sai masu lissafi suka shigo. Jifa 100 na maki biyu daga tsaka-tsaki, 45 su shiga, maki 90 ke nan. Jifa 100 na maki uku, 35 kacal su shiga, 105. Wane koci zai yi gardama da wannan?

6/ Stephen Curry ya ƙarasa zancen, ya zura 402 a kakar 2015-16. Wallahi ba na musun gwaninta, 'yan wasan yau sun fi iya jifa nesa ba kusa ba. Abin da ya kore ni, kowace ƙungiya salo ɗaya. Ka sauya musu riga, ba ka gane su.

7/ A 2018, wasa na bakwai da Golden State, wanda ya ci zai je wasan ƙarshe. Houston ɗin nan ta Hakeem ta yi jifan maki uku 27 a jere, ko ɗaya bai shiga ba. Ba su fasa jefawa ba, aka fitar da su a gida.