Mu da Karnukan Kurmi

Tun bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, wani abu ya fara bayyana a titunan Ibadan wanda ba mu saba gani ba, wato karnukan gidajen masu hali suna gararamba babu mai su. Manya ne irin na Turai, wasu har da abin wuya, amma duk haƙarƙari a waje. Wani maigidan ya tattara iyalinsa ya bar ƙasar, wani kuma ciyarwar ce ta fi ƙarfinsa, sai ya buɗe ƙofa ya kora. A Legas akwai likitocin dabbobi da masu tausayi da ke tsince su, su yi musu magani, sannan su nemi wanda zai riƙa. To maganar ta iso kanmu, domin 'yan uwa da dama da suka yi gini a bayan gari suna tambaya, shin Bahaushe Musulmi zai iya karɓar irin wannan kare ya ajiye? Ni ba malami ba ne, ɗan Sabo ne mai son tonon tarihi, don haka ta nan zan biyo wa tambayar.

Kamar yadda mai karatu ya sani, kakanninmu sun daɗe a Badun kafin a yi Sabo. Suna zaune ne a cikin gari a gidajen Yarabawa, har jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, fataucin shanu da goro ya buɗe, baƙi suka yi ta kwararowa. A 1916 aka ware mana wannan fili kusa da Mokola, kuma cikin dalilan da aka kawo har da zargin cewa ɓarayi na fakewa a cikin baƙin Hausawa, gara a tara su wuri ɗaya a ƙarƙashin sarkinsu. Baturen nan Abner Cohen, wanda ya zauna ya yi bincike a Sabo a 1962 da 1963, ya samu mutum dubu huɗu da 'yan kai a unguwar. Abin da ya fahimta, kuma na yarda da shi, shi ne cewa mutanen Sabo sun ƙara ɗaure wa al'adarsu gindi fiye da na gida Arewa, domin amanar da ke tsakanin Bahaushe da Bahaushe ita ce jarin fataucin. Dillali a Ibadan yana karɓar shanun mutumin da ke Nguru ya sayar bashi, babu takarda babu kotu. A farkon shekarun 1950 ma sai suka rungumi Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu.

A irin wannan unguwa kare ba shi da aikin yi. Kowane gidan maigida cike yake da baƙi, fatake na kwana a zaure, almajirai a soro, mahauta sun tashi tun kafin assalatu, masu shayi ba su tashi ba sai dare ya raba. Ɓarawo ta ina zai bi? Ni dai na tashi ban ga gida ɗaya a layinmu mai kare ba, kuma in yaro ya taɓa kwikwiyo a hanyar makaranta, ranar sai ya sha wanka da faɗa.

Akwai kuma wani dalili. A wajen masu masaukinmu kare yana da matsayi a addinin gargajiya, domin shi ake yanka wa Ogun, abin bautar maƙera da mafarauta da duk mai aiki da ƙarfe, har da wasu direbobi. Ana bikin nan a Ondo da Ire ta Ekiti har gobe. Gaskiya ne Yarabawan Ibadan da yawa Musulmi ne kuma ba ruwansu da wannan, amma baƙo da idon baƙo yake kallo. In ka gangara Kalaba da Akwa Ibom kuma, naman kare abinci ne da ake ji da shi, suna ce masa 404. A ganina wannan ya sa ƙyamar kare ta zama mana wata alama a Kurmi, ta cewa mu ba su ba ne, har ta fi yadda take a inda muka fito.

Domin a can gida kare bai taɓa ɓacewa daga rayuwar Bahaushe ba. Mafarauta na fita da garken karnuka da rani, makiyayi na da nasa a ruga, Buzayen Azawak kuwa suna da dogon karensu mai siririn ciki da ake alfahari da shi har a Turai. Harshenmu ma shaida ne. Wanda bai zauna da kare ba ba zai ce karen bana shi ke maganin zomon bana ba, ko ya lura cewa in ya fara shinshina takalmi ɗauka zai yi. Raini ne dai ya yi yawa, shi ya sa yaron direba ya zama karen mota, ɗan koren azzalumi ya zama karen farauta. Su kuwa fataken kare, daga garuruwan Arewa suke tattarowa su kai kasuwar Dawaki da ke Kanke a Jihar Filato, daga nan a loda a mota zuwa Kudu.

Yanzu bari mu zo kan littafi, domin a nan ne da yawanmu ke zaton an rufe ƙofa ruf. A mazhabar Malikiyya da muka gada, kare mai rai tsarkakke ne, shi da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki umarni ne da ake bi don bauta, ba a ɗauke shi hujjar najasa ba. Shafi'awa da Hambalawa ne ke ganin najasarsa, kuma ra'ayinsu ya ƙara yaɗuwa a cikinmu ta hanyar wa'azi a shekarun baya-bayan nan. Abin da hadisi ya hana shi ne ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, wanda ya yi haka ladansa na raguwa kullum, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da yake. Risala, wadda duk wanda ya yi zaure ya karanta, ta hana ajiye shi a gidajen birni. Amma masu sharhinta sun kawo wani labari game da mai littafin kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Katangar gidansa ta faɗi a lokacin da ake zaman ɗar-ɗar, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. A kan wannan malamai da yawa suka yi ƙiyasin gadin gida da gadin gona.

Wani abin da ya ba ni sha'awa shi ne batun kuɗin kare. An yi hani a kan sayar da shi, malaman mazhaba kuma sun saɓa a kan wanda aka halatta ajiyewa, Sahnun yana cikin masu ganin babu laifi. To karen da aka tsinta aka ba ka kyauta ya fita daga wannan saɓani gaba ɗaya. Ga kuma hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai lallage, Allah Ya gafarta masa. Shi wannan karen ba na kowa ba ne, irin na kan titin nan ne.

Abin dariya a tarihin namu shi ne, mutanen da aka killace a 1916 bisa zargin sata su ne suka zama masu gadin Kudu baki ɗaya, har kalmar maigadi ta shiga bakin Bayarabe da Inyamuri. Dubban 'yan uwanmu sun kwana a bakin get a Bodija da Jeriko tare da karen oga, su ne masu ba shi abinci, su ne masu yi masa wanka, da asuba su yi alwala su yi sallarsu. Sanin halin kare yana cikinmu, ba ma dai faɗa ne.

Yau Sabo ta cika ta batse. Kasuwar shanu ta koma Akinyele, mayanka ta bar Bodija, 'ya'yan Sabo sun yi gini a Ojo da Moniya da bayansu, gida ɗaya tilo a cikin ciyayi, babu zaure babu almajiri. Bayan rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021, wanda aka ƙona shaguna da gidaje, tsoro ya ƙaru. Kare dai ba ya tare tarzoma, kada wani ya ruɗi kansa, wannan aikin zaman lafiya da maƙwabta ne. Amma ɓarawon dare mai ɗauke janareta ko tumaki, haushi ɗaya ya ishe shi.

Gidajen tsintar karnuka kuwa al'adar Ingila ce. A 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe na farko da ya yi suna a Landan, aka mayar da shi unguwar Batasi a 1871, yana nan har yau. Su a wajensu kare ɗan gida ne, yana hawa kujera yana kwana a ɗaki, kuma wasu masu bayar da karen a nan suna sa ran haka za a yi masa. Gara mutum ya gaya musu gaskiya tun farko, cewa a tsakar gida zai zauna, a ɗakinsa mai inuwa, yana aikin gadi. In sun yarda to, in ba su yarda ba a rabu lafiya.

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Alhali tun 1885 Louis Pasteur ya gwada allurarsa a kan wani yaro ɗan shekara 9 a Faransa ya tsira, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda ke nan tun 1924, tana yin ta karnuka. Karen da aka tsinta ba ka san inda ya kwana ba, don haka kafin ya taka gidanka sai likita ya duba shi ya yi masa allura, a kuma riƙa maimaitawa duk shekara. Asibitin dabbobi na Mokola yana nan a bakin Sabo, akwai kuma na Jami'ar Ibadan. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko neman gashin karen.

Ni abin da nake gaya wa masu tambayata shi ne, wanda ke cikin Sabo a gidan haya mai ɗaki goma da rijiya ɗaya, ya bar maganar, ba shi da buƙata kuma zai cuci maƙwabta. Wanda ke bayan gari da katanga da dabbobi, ya fara cigiya ko karen na da mai shi, ya shawarci uwargida tunda ita za ta wuni da shi, ya lissafa abincinsa a cikin cefane, domin babban kare na Turai ba ya rayuwa a kan ƙanzo. Wanda ya san ɗaure shi zai yi a rana da sarƙa taku biyu ya manta da ruwansa, ya tuna da matar da aka azabtar saboda kyanwa, ya bar wa wani ya ɗauka.