Cinikin Biri a Sama: Tarihin Na'urorin Wasan da Aka Sayar Kafin a Ƙera Su

Wanda ya yi ƙuruciyarsa a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi a shekarun 1990 zuwa farkon 2000, in har ya taɓa wasan gem, da wuya a ce da na'urar asali ya fara. Abin da ya iso garuruwan nan wani akwatin roba ne mara nauyi, tare da kaset mai launin rawaya da aka rubuta wa cewa yana ɗauke da wasanni dubbai. In aka bi su ɗaya bayan ɗaya sai a tarar 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa: Super Mario, da Contra, da wasan tankokin yaƙi, da na harbin agwagi da bindigar roba. Kwafi ne na Famicom, na'urar da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, wadda masana'antun Taiwan da Sin suka kwaikwaya suka watsa a duniya. A Rasha an san irinta da sunan Dendy tun 1992. A nan kuwa ta biyo ta manyan kasuwannin Legas da Onica da Kano, sannan motocin 'yan kasuwa suka ƙarasa da ita ƙananan garuruwa.

Jabu ce, babu musu. Amma cinikinta na gani da ido ne. Mai kanti zai jona ta da talabijin, in NEPA ta ɗauke wuta ya tayar da janareta, mai saye ya ga hoto ya fito, ya danna maɓallai, sannan ya ƙirga kuɗi. A ƙasashen da aka ƙirƙiro waɗannan wasanni kuwa, wani irin ciniki ne ya bayyana daga baya, inda ake karɓar kuɗin mutane shekaru kafin a ƙera na'urar, wani lokacin ma ba a ƙera ta ba har yau.

Labarin ya faro ne daga sunaye uku da suka mamaye gidajen Amurka kafin zuwan Nintendo: Atari 2600 ta 1977, da Intellivision ta kamfanin Mattel ta 1979, da ColecoVision ta 1982. A 1983 kasuwar ta rushe saboda yawan wasanni marasa inganci, har Atari ya kai tulin kasusuwan da suka yi kwantai ya binne a garin Alamogordo. Mattel ya rufe sashensa na kayan lantarki a 1984, Coleco ya karye a 1988. Sunayen dai ba su mutu ba, sai suka zama hajar da ake saye da sayarwa. Sunan Atari ya koma hannun Hasbro a 1998, daga nan ya koma na wani kamfanin Faransa mai suna Infogrames, wanda daga bisani ya ajiye nasa sunan ya ɗauki na Atari. Yaran da suka yi wasa da waɗannan na'urori kuwa sun girma, sun sami albashi, kuma begen ƙuruciya bai sake su ba.

Abin da ya rage shi ne hanyar da za a kai ga aljihunsu, kuma intanet ta samar da ita. An buɗe Indiegogo a 2008, Kickstarter a 2009: dandalin karo-karo, inda mai wata dabara zai bayyana abin da yake son ƙerawa, jama'a su ba shi kuɗi tun kafin ya fara, shi kuma ya yi alkawarin aika musu da kayan in sun kammala. A watan Yulin 2012 wata mata mai suna Julie Uhrman ta nemi dala 950,000 a Kickstarter don ƙera Ouya, ƙaramar na'urar dala 99. Mutum fiye da 63,000 suka tara mata kusan dala miliyan 8.6. Ouya ta fito a 2013, ba ta yi kasuwa ba, aka sayar da kamfanin ga Razer a 2015. Amma ta nuna wa kowa cewa da bidiyon talla na 'yan mintoci ana iya tara miliyoyi.

Wanda ya fi jan hankali cikin waɗanda suka biyo baya shi ne Mike Kennedy da na'urarsa Retro VGS. Alkawarinsa shi ne komawa zamanin kaset: babu jiran intanet, a zura a kunna kawai. Ya sayi tsofaffin mazubin robar da aka yi jikin Atari Jaguar da su, wato yana da gangar jiki tun kafin ya san abin da zai zuba a ciki. Kickstarter na da ƙa'idar cewa duk mai neman kuɗin ƙera na'ura sai ya nuna samfurin da ke aiki, don haka a watan Satumban 2015 aka kai neman Indiegogo. An nemi dala miliyan 1.95, abin da aka samu bai kai kashi biyar cikin ɗari ba, aka janye. Sai Kennedy ya nemo lasisin tsohon suna, na'urar ta koma Coleco Chameleon, aka kai ta baje kolin kayan wasan yara na New York a watan Fabrairun 2016. Ga ta tana aiki a gaban jama'a, sai dai an naɗe bayanta da baƙin tef. Masu sha'awar tsofaffin na'urori suka ƙura wa hotunan ido, suka gano cewa kayan cikin wata tsohuwar Super Nintendo ne aka cusa a jikin Jaguar. Don a kore zargin, aka fitar da hoton wani samfuri mai jikin roba garai-garai da ake hango cikinsa. Nan ma aka gane allon: katin ɗaukar hoton bidiyo ne na kwamfuta, irin wanda ake haɗawa da kyamarorin tsaro. A watan Maris masu sunan Coleco suka janye sunansu. Mai kantin da ke sayar da kwafin Famicom a kasuwar Shinkafi ya fi wannan gaskiya nesa ba kusa ba, domin abin da ya nuna shi ya miƙa.

Ba a ce kasuwar babu ita ba. A watan Nuwamban 2016 Nintendo da kansa ya fitar da NES Classic, ƙaramar na'ura mai wasanni 30, kan dala 60, ba tare da karɓar sisin kowa tukuna ba, ya sayar da miliyan 2.3 cikin 'yan watanni. Atari ya bi ta Indiegogo a watan Mayun 2018 da Atari VCS, ya tara fiye da dala miliyan 3, waɗanda suka biya ba su fara karɓar kayansu ba sai Disamban 2020. An yi jinkiri, amma kaya sun iso.

Na Intellivision Amico ne ya zama abin nazari, kuma tallarta za ta iya ratsa zuciyar kowane magidanci a ƙasar Hausa. A watan Oktoban 2018 Tommy Tallarico, wanda ya yi suna wajen tsara kiɗan wasannin bidiyo, ya ba da sanarwar na'urar da za ta sake tara iyali a ɗaki ɗaya. Babu zubar da jini, babu batsa, wasanni masu sauƙin da kaka da jika za su yi tare, kowanne ƙasa da dala 10. Ya sa ranar fitowa mai daɗin faɗa, 10 ga watan 10 na 2020. Aka karɓi kafin alkalami na dala 100 daga masu son saye, aka kuma tara fiye da dala miliyan 10 daga ƙananan masu zuba jari ta dandalin Fig da Republic, waɗanda ribarsu ta rataya a kan cinikin na'urar. Ranar ta zo ta wuce. Aka ɗaga zuwa Afrilun 2021, aka sake ɗagawa zuwa Oktoba, ana kafa hujja da annobar korona da ƙarancin kayan haɗin lantarki. Hujjar ba ƙarya ba ce, domin manyan kamfanoni ma sun sha wannan wahala, amma ba ta bayyana dalilin da ya sa a ƙarshen 2021 kamfanin ya fara sayar da wasanni cikin kwalaye ga mutanen da ba su da abin kunna su ba. A watan Fabrairun 2022 Tallarico ya sauka daga shugabanci, Phil Adam ya karɓa. Sabon neman jari da aka buɗe a StartEngine bai kai dala 60,000 ba aka rufe shi, bayan takardun da kamfanin ya miƙa wa hukuma sun nuna cewa kuɗinsa na gab da ƙarewa.

Karo-karo ba baƙon abu ba ne a arewacin Zamfara. Da shi ake gyara rijiya da ajin makaranta, da shi ake biyan kuɗin asibiti, kuma abin takaici, a 'yan shekarun nan da shi ake haɗa kuɗin fansa. Adashi ma ya daɗe yana tayar da jarin mata da 'yan tireda. Abin da ke riƙe da duk waɗannan shi ne sanayya. Uwar adashi an san ƙofar gidanta, an san danginta, kuma kowa ya san ranar kwasarsa. A dandalin intanet babu wannan. Abin da ya maye gurbinta a labaran nan shi ne tsohon suna, wanda mai saye ke ji kamar na wani aminin ƙuruciya ne, alhali mutanen da ke riƙe da shi a yau ba su ne suka ƙera abin da yake bege ba. Wanda ya biya a Kickstarter ko Indiegogo kuma matsayinsa bai kai na mai saye a kanti ba, domin dandalin ba ya lamunin cewa kaya za su iso. A Najeriya sai a watan Janairun 2021 Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari ta fitar da ƙa'idojin neman jari ta karo-karo, inda ta wajabta a bi ta dandalin da ta yi wa rajista. Rajista na tilasta wa mai nema ya bayyana halin da kamfaninsa ke ciki, kamar yadda takardun StartEngine suka yi, amma sai wanda ya karanta ne ke amfana.

A ƙarshen 2023 masu Amico suka fitar da manhajar waya mai suna Amico Home, wadda ke mayar da wayar Android abin kunna wasu daga cikin wasannin. A watan Mayun 2024 Atari ya sayi sunan Intellivision da haƙƙin wasanninsa fiye da 200, tsofaffin abokan hamayya na shekarun 1980 suka koma gida ɗaya. Cinikin bai haɗa da Amico ba.