TARIHIN TACE MAI: YAYA AKE RABA FETUR DA KANANZIR?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa da ke Gyadi-Gyadi a ƙaramar hukumar Tarauni ta Kano, ya aiko da tambaya. Ya ce tun yana yaro yake ganin tankokin mai a daffon Hotoro, kuma ya ji an ce fetur da kananzir da man gas duk daga ɗanyen mai guda suke fitowa. To yaya ake raba su, kuma wa ya fara wannan dabara?

To madalla, Malam, ga amsa. Mai karatu, mu fara daga madafi. Idan uwargida ta ɗora ruwan gishiri ya tafasa, ka ɗaga murfin ka ɗanɗani gumin da ya taru a cikinsa, ba za ka ji gishiri ba. Ruwan ne ya zama tururi ya tashi, ya taɓa murfi mai sanyi ya koma ruwa, gishiri kuwa yana can ƙasan tukunya. Wannan shi ne tushen aikin baki ɗaya: kowane abu da zafin da yake tafasa, mai saurin tafasa shi ke riga tashi.

Dabarar tsohuwa ce. A ƙarni na 9 a birnin Bagadaza, malami Al-Kindi ya rubuta littafi a kan haɗa turare, inda ya bayyana yadda ake fitar da ruwan wardi da tukunya mai dogon hanci da Larabawa ke kira al-ambiƙ. Bayansa likita Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya bayyana tace ɗanyen mai ta wannan hanya. Amma tukunyarsu ɗori ɗaya ce: a zuba, a dafa, a sauke, a sake. Kuma idan abubuwa biyun duk masu tashi ne, tururin kan fito a gauraye, sai an maimaita dahuwa sau da yawa.

A shekarar 1813 wani Bafaranshe, Cellier-Blumenthal, ya yi rajistar wata dabara da ta kawar da wannan wahala, wato doguwar hasumiya mai aiki ba tsayawa. A cikinta an jera farantai masu huji, hawa-hawa kamar bene. Wuta na ƙasa, sanyi na sama. Tururi na hawa, ruwa na gangarowa, suna haɗuwa a kowane faranti. Mai nauyi ya huce ya sauko, marar nauyi ya ƙara gaba. Ka ga kowane faranti ya zama tamkar ƙaramar tukunya ke nan. A shekarar 1925 kuma wasu masana biyu a Amurka, McCabe da Thiele, suka fito da hanyar zane a takarda da ke nuna farantai nawa ake bukata don raba abubuwa biyu. Har yau da ita ɗalibai ke fara koyo.

Kafin a gina irin wannan hasumiya, lissafi biyu ake yi, kuma kai manomi ka san na farko. Idan aka matse gyaɗa mudu goma, nauyin mai da na tunkuza in an haɗa dole su yi daidai da na gyaɗar da aka zuba. In ba su kai ba, to ko dai ya zube, ko wani ya sa hannu. Haka abin yake a matata. Misali an zuba kilo 100, a ciki 40 mai saurin tafasa ne, 60 mai nauyi. Idan aka kwashi kilo 40 ta sama, wanda 38 daga ciki marar nauyi ne, 2 mai nauyi, to babu makawa abin da zai fita ta ƙasa kilo 60 ne, 58 mai nauyi, 2 marar nauyi. Abin da ya shiga shi zai fita.

Lissafi na biyu na wuta ne. Mai da kilo ɗaya na tafasasshen ruwa tururi yana cin wutar da ta ninka sau biyar da ɗoriya wadda za ta ɗauke shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Sannan don abin da ke fita ta sama ya yi tsabta, dole a riƙa mayar da wani kaso nasa cikin hasumiya yana wanke tururin da ke tasowa. In ka mayar da yawa, farantai kaɗan sun isa, amma wuta za ta ci kuɗi. In ka mayar da kaɗan, sai ka gina hasumiya mai tsawo. Ciniki ne, kowane ɓangare da kuɗinsa.

Shi ɗanyen mai ba abu biyu ba ne, ɗaruruwa ne a gauraye, amma ƙa'idar ɗaya ce. Ana dafa shi zuwa kamar digiri 350, a tura shi hasumiya. Iskar gas ta girki da abin da ake yin fetur da shi su fita ta sama, kananzir a ƙasa da su, sai man gas, sai baƙin mai da abin da ake yin kwalta da shi a can gindi.

A nan Nijeriya, an gano mai a Oloibiri a 1956. Matatar farko ta fara aiki kusa da Fatakwal a 1965, ta Warri ta biyo baya a 1978. Tamu ta Arewa, wato ta Kaduna, kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ne ya gina ta, aka buɗe a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana, aka ƙara zuwa 110,000 a 1986. Ganga ɗaya lita 159 ce, wato sama da lita miliyan 17 ke nan a rana. An shimfiɗa bututun da ke kawo mata ɗanyen mai daga Kudu, da wani da ke kai tataccen mai daffon Hotoro. Daga baya matatar ta yi shekaru ba ta aiki, har a 2023 aka ba kamfanin Daewoo kwangilar gyaranta. A shekarar 2024 kuma matatar Aliko Ɗangote, ɗan Kano, da aka gina a Legas da ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da mai.

To ina ruwanka da duk wannan, mai karatu? Ruwanka shi ne fitilarka da rishon matarka. Kananzir ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai ya yi ɗumi kamar digiri 38 ko fiye, shi ya sa yake ci a hankali ta lagwani. Fetur kuwa ko a sanyin hunturu yana fitar da tururi mai kamawa nan take. Ɗan fetur kaɗan a cikin jarkar kananzir ya isa ya sa fitila ta fashe, kuma an sha yin asarar rayuka a ƙasar nan ta wannan hanya. Mai yin algus yana rushe aikin hasumiya cikin minti ɗaya, kuma ba kyalle ko rariyar da za ta sake raba su.

Saboda haka ka sayi kananzir inda ka amince. In ka ji yana warin fetur, kada ka kai shi gida. Jarkar fetur daban, ta kananzir daban, kuma kada a zuba mai a fitila ko risho suna ci. Kai kuma mai sayarwa, ribar galan ɗaya ba ta kai ran yaro ba.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.